Wasiƙa: A fitar da alƙaluma daga cikin zane, a kuma tantance su kafin su shiga shafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukan ma'aikatan wannan jarida, na rubuto ne daga Tawa a kan zane-zanen farashin hatsi, dawa da wake da kuka fara sanyawa a shafinku na intanet. Aikin ya cancanci yabo, domin manomi ko ɗan kasuwa da ba shi da sukunin bin dogon jadawali yana iya duban zane sau ɗaya ya gane ko farashi ya hau ko ya sauka, kuma ba kasafai ake yi wa masu karatun Hausa irin wannan hidima ba. Sai dai na lura zanen yakan yi makonni bai motsa ba, alhali labarin da ke ƙarƙashinsa yana maganar sabon farashi, kuma da na duba yadda aka gina shafin sai na tarar an rubuta alƙaluman ne da hannu a cikin umarnin shafin kansa. Sana'ata ita ce gina shafukan intanet ga ƙungiyoyin manoma da ƙananan ƴan kasuwa a wannan jiha, ina kuma koya wa matasa aikin, shi ya sa na ga bai dace in yi shiru ba. Abin da nake roƙo shi ne alƙaluma su zauna a fayil nasu daban, shafi ya riƙa ɗauko su duk lokacin da aka buɗe shi, sannan a tantance su a daidai lokacin da suke shigowa, kafin a miƙa su ga manhajar da ke yin zanen.

Mai gina shafi ba ya zana layuka da sanduna da kansa tun daga tushe. Akwai manhajoji da aka riga aka rubuta da harshen JavaScript, waɗanda ake ɗorawa a kan shafi a ba su alƙaluma su yi zanen. Wadda matasanmu suka fi sabawa da ita ita ce Chart.js, wadda Nick Downie ya fitar a 2013, kuma kyauta ce ga kowa. Akwai D3, wadda Mike Bostock da abokan aikinsa suka fitar a 2011, tana ba mutum iko a kan kowane ɗigo na zanen amma koyonta na buƙatar haƙuri. Akwai Highcharts ta wani kamfanin ƙasar Norwe, wadda mai amfani da ita don kasuwanci sai ya biya lasisi, da kuma ECharts da ta samo asali daga kamfanin Baidu na ƙasar Sin. Duk da bambancinsu, abu guda suke nema, wato jeri. Chart.js, alal misali, tana karɓar jerin sunayen da za su zauna a ƙasan zane, kamar watanni ko kasuwanni, da jerin alƙaluman da za a zana, sai ta haɗa suna na farko da adadi na farko, na biyu da na biyu, har ƙarshe.

Idan aka rubuta waɗannan jeri biyu a cikin umarnin shafi, an ɗaure hannun wanda ya san farashi. Wakilinku da ke zagaya kasuwar Tawa ranar Lahadi, ko wanda ke aiko da rahoto daga Galmi da Madawa, shi ne ya san yadda ake sayar da tiya da buhu, amma ba shi ne ya iya JavaScript ba, don haka kowane ƙaramin gyara sai an jira mai gina shafi, shi kuwa yana iya yin tafiya, ko ya yi rashin lafiya, ko ya bar aikin gaba ɗaya. Ko da yana nan, duk lokacin da ya buɗe umarnin don ya canza adadi ɗaya yana iya share waƙafi ko baka bisa kuskure, zanen duka ya ɓace. Sunan gari ma kawai yana iya jawo haka, domin Birni N'Konni, yadda ake rubuta shi a takardun hukuma, yana da alama a tsakiya irin wadda JavaScript ke buɗe rubutu da rufe shi da ita, kuma idan ba a kula ba sai manhaja ta ɗauka sunan ya ƙare a harafin N. Ga kuma matsalar maimaici: idan farashin hatsi ya bayyana a shafuka uku, kowanne da nasa jeri, ba za a daɗe ba a gyara biyu a manta da ɗaya, jarida ta riƙa saɓa wa kanta.

Mafita ita ce wakili ya riƙa cika jadawalinsa a Excel, ko LibreOffice, ko Google Sheets, kamar yadda ya saba, a fitar da shi a matsayin fayil ɗin CSV, wanda ba komai ba ne face rubutu zalla, kowane layi da bayanansa a rarrabe da wata alama. Wanda ya fi ƙwarewa yana iya amfani da JSON, tsarin da JavaScript ke fahimta kai tsaye, amma ga ƙaramar jarida CSV ya fi dacewa, tunda kowane ma'aikacin buro yana iya buɗe shi ya gyara. Shafin kuma sai ya yi amfani da umarnin da ake kira fetch, ya nemi fayil ɗin daga uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ya karanta shi layi bayan layi, ya gina jerin nan biyu, sannan ya kira manhajar zane.

A nan ne yawancin masu koyo ke fara tuntuɓe, kuma dalilin ya kamata a fahimce shi sosai. Burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ba ta tsayawa jiran fayil. Da zarar ta aika da buƙata sai ta ci gaba da umarni na gaba, fayil ɗin ya iso daga baya, ko bayan ƙiftawar ido a Yamai, ko bayan daƙiƙoƙi masu yawa a ƙauyen da rezo ke da rauni. Idan umarnin zane yana biye da umarnin ɗauko fayil ba tare da an ce ya jira ba, manhaja za ta karɓi jeri marar komai, ta zana fili fari da layukan gefe kawai, ba kuma za ta nuna wani kuskure ba. Dole ne a sanya umarnin zane a wurin da sai bayanai sun iso ake kai wa gare shi, wanda a JavaScript na yanzu ake yi da kalmar await. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba: idan fayil ɗin ba ya nan, uwar garke ta amsa da lamba 404, fetch ba ya ɗaukar wannan a matsayin gazawa, sai ya miƙo shafin ban haƙurin kamar shi ne bayanan, don haka wajibi ne a duba ko amsar ta yi daidai kafin a fara karanta ta. Wanda kuma yake gwaji a kwamfutarsa ta hanyar danna fayil ɗin shafi kai tsaye zai ga burauza ta hana shi ɗauko CSV ɗin da ke gefensa, sai ya tayar da ƙaramar uwar garke ta gwaji, wadda harshen Python ke bayarwa da umarni ɗaya.

Waɗannan duka matsaloli ne masu sauƙi, domin idan sun faru ana gani, zanen ba ya fitowa. Abin da ya fi damuna, kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, shi ne kuskuren da ke fitar da zane mai kyaun gani alhali ƙarya yake faɗa. Manhajar zane kamar injin niƙa take, duk abin da aka zuba mata niƙawa take yi, da tsaba da tsakuwa, kuma mai karatu ba shi da hanyar sanin abin da aka zuba. Yawancin darussan da matasanmu ke koyo da su an rubuta su ne da fayilolin Amurka a zuciya, mu kuwa kwamfutocinmu a saite suke da Faransanci, kuma a nan ne tsakuwar take shiga.

A tsarin Faransanci, waƙafi shi ne ke raba cikakken adadi da gutsurensa, wato ana rubuta 12,5 inda JavaScript ke jiran 12.5. Saboda waƙafi ya riga ya sami wannan aiki, Excel da aka saita da Faransanci yakan raba bayanan CSV da waƙafi mai ruwa. Idan mai gina shafi ya kwafi darasin da ke raba layi da waƙafi, layin duka zai tsinke a inda bai kamata ba. Maganin wannan yana da sauƙi, domin D3 tana bari a faɗa mata alamar rabawa, manhajar Papa Parse kuma tana gano alamar da kanta. Amma ko an raba layin daidai, alƙaluman da ke ciki rubutu ne tukuna, ba adadi ba, kuma sai an juya su. A ce wakili ya rubuta farashin buhun hatsi 25 000, da tazara tsakanin dubbai da ɗaruruwa kamar yadda aka koya mana tun a lekol. Umarnin parseFloat, wanda kusan kowane darasi ke koyarwa, yana karanta lambobi har ya ci karo da abin da bai gane ba, sai ya tsaya ba tare da ya ce komai ba, ya mayar da 25. Haka ma 12,5 yake mayar da shi 12. Buhun jika 25 ya koma sefa 25 ke nan, kuma idan wani wakilin ya rubuta nasa 25000 ba tazara, zanen zai nuna kasuwa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa warwas. Idan kuwa ba a juya rubutun zuwa adadi ba sam, aka ce a tara 200 da 300 don a fitar da matsakaicin farashi, JavaScript zai liƙa su ne ya ba da 200300. Abin da ya kamata shi ne a share kowace irin tazara, har da wadda ba ta rabuwa da Excel ke sanyawa a tsakanin dubbai, a mayar da waƙafi ɗigo, sannan a juya, kuma duk abin da ya ƙi juyuwa a tsayar da shi a sanar, kada a bar shi ya wuce.

Gurbin da babu komai a cikinsa ya fi wannan haɗari. Yakan faru wakili bai sami zuwa kasuwa ba saboda ruwa ya yanke hanya, ko ranar kasuwa ta faɗo a ranar Salla, sai ya bar gurbin makon ba rubutu. Umarnin Number, idan aka ba shi rubutu marar komai, sifili yake mayarwa. Sai layin farashi ya faɗo ƙasa a wannan makon ya sake tashi a na gaba, mai karatu ya ɗauka kasuwa ta karye, ko, idan zanen na ruwan sama ne, ya ɗauka ba a sami ko ɗigo ba a Abalak alhali ma'aunin ne kawai ba a karanta ba. Rashin awo daban, awon da ya ba da sifili daban, kuma a ƙasar da ake yanke shawarar agaji da sayar da hatsi a farashi mai rahusa bisa irin waɗannan alƙaluma, cakuɗa su ba ƙaramin laifi ba ne. Chart.js tana da hanyar da ta dace: idan aka ba ta null, wato kalmar da ke nufin babu komai, a madadin adadi sai ta bar giɓi a cikin layin, kuma giɓin nan gaskiya yake faɗa. Wasu kuma, don gudun sifilin, sai su cire gurbin daga jerin alƙaluma su bar jerin sunaye yadda yake, wanda sakamakonsa shi ne kowane adadin da ke bayan gurbin ya matsa gaba da taki ɗaya, farashin Madawa ya zauna a ƙarƙashin sunan Ƙonni, na Buza a ƙarƙashin Madawa, har ƙarshen jerin. Shi ya sa nake koya wa ɗalibaina su riƙe suna da adadinsa a haɗe tun daga lokacin karanta fayil, su miƙa su ga manhaja a haɗe, tunda Chart.js tana karɓar bayanai a wannan siga.

Akwai kuma matsalar da babu wani darasin waje da zai ambata, domin tamu ce. A kasuwa da dala muke lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, don haka idan mai awo ya ce tiya dala ɗari, sefa 500 yake nufi. Wakili ɗaya zai rubuta 100 kamar yadda ya ji, wani ya rubuta 500 kamar yadda ake yi a takarda, kuma dukansu ba su yi ƙarya ba. Haka nan wani yana kawo farashin tiya, wani na buhu mai kilo 100, wani na kilo guda, ga buhun albasa da girmansa ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Babu manhajar da za ta gane wannan da kanta. Dole ne fayil ɗin ya kasance da layin tsaye na musamman da ke faɗin ma'auni da irin kuɗin, a kuma tsayar da ma'auni ɗaya da kowa zai koma gare shi, sannan umarnin shafi ya kasance da iyaka ta hankali, ta yadda duk farashin da ya ninka na makon jiya sau biyar, ko ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar, za a riƙe shi har sai mutum ya duba.

Kwanan wata ma haka yake. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata, amma idan aka ba JavaScript 03/04/2024 yakan karanta shi a tsarin Amurka, ya ɗauke shi 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu. Abin da ke sa wannan kuskure wuyar ganowa shi ne ranakun 1 zuwa 12 na kowane wata suna juyewa ba tare da wata alama ba, daga 13 zuwa sama ne kawai suke ƙin karantuwa, sai mutum ya ɗauka ƴan layuka ne suka lalace alhali sauran ma a birkice suke. Tsarin da ba ya ruɗa kowa shi ne a fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-04-03, wanda kuma ko a matsayin rubutu aka jera shi yana bin tsarin lokaci daidai. Ya kamata kuma a sani cewa idan aka ba Chart.js kwanaki a matsayin sunaye kawai, tazara ɗaya take ba su duka, ko da mako ɗaya ne tsakanin wasu, wata biyu tsakanin wasu, don haka zanen da ke bin lokaci yana buƙatar a saita layin ƙasansa a matsayin na lokaci, da ƙarin ƙaramar manhajar da ke karanta kwanan wata.

Game da haruffanmu masu lanƙwasa, idan aka adana fayil da CSV na gama-gari a Excel, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ sukan koma alamar tambaya, Maraɗi da Ƙonni su fito a gurgunce, kuma da zarar an adana haka babu dawowa. Sai a zaɓi CSV mai UTF-8, tsarin da ke riƙe waɗannan haruffa, tun wajen adanawa. A kuma daidaita rubutun sunayen garuruwa, domin a wurin manhaja Tawa da Tahoua da TAHOUA garuruwa uku ne, kowanne da sandarsa.

Idan jarida ta so ta wuce alƙaluman wakilanta ta ɗauko daga wasu wurare, akwai ƙofofi a buɗe, amma kowacce da halinta. Bankin Duniya yana ba da alƙaluman ƙasashe a tsarin JSON ga duk wanda ya nema, sai dai amsar tana zuwa kashi biyu, na farko bayanin yawan shafuka, na biyu ainihin alƙaluman, tana kuma ba da 50 kawai a lokaci guda sai an nemi ƙari, sannan sabuwar shekara ce ke fara zuwa. Wanda ya zuba jerin yadda ya zo zai sami zanen da, ga mai duban gaggawa, ke nuna al'ummar Nijar tana raguwa, alhali ta tashi daga kimanin miliyan 11 a ƙidayar 2001 zuwa sama da miliyan 17 a ƙidayar 2012. Rumbun bayanan jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira HDX yana da farashin abinci na kasuwannin ƙasarmu da Hukumar Abinci ta Duniya ke tattarawa, a tsarin CSV, amma wasu fayilolinsa suna zuwa da layi na biyu na alamomi masu farawa da #, wanda sai an tsallake shi. Sannan ba kowane shafi ne ke yarda wani shafin ya ɗauki fayil ɗinsa kai tsaye ba, domin burauza tana hana hakan sai uwar garken da ke riƙe da fayil ta bayyana izini a cikin amsarta. Wannan kariya ce ga mai karatu, kuma ba na ganin hikimar bi ta hannun wasu shafukan da ba a san masu su ba don a kauce mata. Ya fi kyau uwar garken jarida ta ɗauko fayil ɗin sau ɗaya a rana, ta tantance shi, ta ajiye kwafi a gida, shafi ya riƙa karantawa daga nan.

A wannan gaɓa ina da roƙo ga hukumominmu da ke tattara alƙaluma, kamar SIMA mai bin farashin kayan gona, da cibiyar ƙididdiga ta ƙasa INS, da ma'aikatar hasashen yanayi, da cibiyar nazarin yanayi da ruwa da noma ta AGRHYMET da ke Yamai tun 1974. Ma'aikatansu suna aiki mai wahala kuma mai daraja, kuma mujallun da ake fitarwa a tsarin PDF suna da amfani ga mai karatu, amma manhajar zane ba ta iya cin jadawalin da ke cikin PDF, sai wani ya zauna ya sake buga shi da hannu, kuma kowane sake bugawa ƙofa ce ta kuskure. Jadawalin nan daga Excel ya fito tun farko, don haka duk hukumar da ta ɗora CSV ɗinsa a gefen mujallar, da adireshin da ba ya canzawa da sunayen layukan da ba a sauyawa kowane wata, ta sauƙaƙa wa jaridu da gidajen rediyo da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da ta Djibo Hamani aiki mai yawa ba tare da ta kashe wani kuɗi ba.

Wani zai ce ɗauko bayanai daga waje yana ƙara wuraren da abu zai iya lalacewa, kuma gaskiyarsa ne. Rezo yana yankewa, fayil yana ɓacewa, kuma burauza takan ajiye tsohon kwafi ta riƙa nuna shi kamar sabo. A farashin wake wannan damuwa ce kawai, amma a tuna da zanen tsayin ruwan kogin Isa a Yamai, inda jan gargaɗi ke farawa daga santimita 620, kuma a watan Satumba na 2020 ruwan ya kai wajen santimita 700 ya mamaye unguwanni. Mutumin da ke zaune a bakin kogi, idan ya buɗe shafi ya ga awon shekaranjiya yana zaton na yau ne, an cuce shi. Saboda haka kowane zane ya kamata ya ɗauki kwanan watan awo na ƙarshe a rubuce a fili, kuma wannan kwanan wata daga cikin fayil ɗin za a ciro shi, ba daga agogon wayar mai karatu ba. Idan fayil ya ƙi zuwa, a rubuta wa mai karatu da Hausa cewa ba a sami sabbin alƙaluma ba, kada a bar masa fili fari yana ta jira yana ƙona megansa. Ina kuma ba da shawarar a ajiye ita kanta manhajar zanen a uwar garken jarida, a kuma rage fayil zuwa layukan da zanen ke buƙata kawai, domin yawancin masu karatunku da salula suke shiga, kuma bai dace a sa su sauke farashin dukan kasuwannin ƙasa na shekaru don su ga na Tawa na wata shida ba.

Rage fayil ɗin yana da wani dalili da ya fi kuɗin intanet nauyi. Duk abin da shafi ya ɗauko, ya riga ya shiga na'urar mai karatu, ko an zana shi ko ba a zana ba, kuma duk wanda ya ɗan san aikin yana iya buɗe shi ya karanta. Idan jadawalin wakilanku yana ɗauke da sunayen ƴan kasuwar da suka ba da farashi da lambobin wayarsu, aka wallafa shi duka daga Google Sheets don zane ya ɗauki layi biyu kawai, to an fallasa mutanen da suka amince da ku. A raba jadawalin aiki da jadawalin wallafawa, na biyun kada ya ƙunshi komai sai abin da za a iya bugawa a shafin farko na jarida.

Akwai kuma bambanci da ya shafi aikin jarida musamman, wanda masu gina shafi kan manta da shi. Shafin farashi na dindindin, wanda ake shiga don a ga halin da ake ciki, shi ne ya kamata ya riƙa karanta fayil mai sabuntawa. Amma labarin da aka rubuta a wata rana ta musamman, wanda ya ce hatsi ya yi tsada a wannan makon, idan zanensa ya ci gaba da sabuntawa, bayan kaka zai nuna farashi ya faɗi alhali rubutun yana cewa ya hau. Irin wannan labari fayil nasa na kansa yake buƙata, mai ɗauke da kwanan watan ranar a cikin sunansa, wanda ba a sake taɓawa sai don gyaran kuskure, kuma gyaran a bayyana shi. A duka biyun alƙaluman suna waje da umarnin shafi, bambancin kawai wane fayil ake nuna wa zanen.

Saboda haka, Malam Edita, ina roƙon ku sanya wa wakilanku jadawali ɗaya mai ƙayyadaddun layuka, wato kwanan wata, kasuwa, kaya, ma'auni da farashi a sefa, ku kuma ɗora wa mutum ɗaya a ɗakin labarai nauyin duba shi kafin a wallafa, kamar yadda ake duba rubutu. A ƙarƙashin kowane zane a sanya ƙaramin jadawali na alƙaluman, saboda makafi masu amfani da manhajar karanta shafi, wadda ba ta ganin abin da Chart.js ta zana, a kuma sanya mahaɗin da kowa zai iya sauke fayil ɗin da shi, domin ɗan kasuwar Galmi da ya ga an yi kuskure a farashin albasa ya iya nuna layin da kuskuren yake. Idan mai kula da shafinku yana bukata, a shirye nake in aiko masa da umarnin tantancewa da muke amfani da shi a nan, wanda ke gyara waƙafi da tazara da kwanan wata, yana kuma bayyana lambar duk layin da ya ƙi wucewa.

Allah ya ƙara wa jarida albarka. Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga birnin Tawa